Mindar sojan Ingila: kuɗin yana a gefenta

Duk wanda ya fara tara mindodin yaƙi na sojan Ingila na ƙarni na 19 zai gane da wuri cewa ba azurfar ake saye ba, sunan da aka buga a gefen mindar shi ne kuɗin. Tun daga ta yaƙin Waterloo na 1815, wadda aka raba wa kowa daga hafsa har kurtu, galibi ake buga sunan soja da rundunarsa a kewayen bakinta, shi ya sa idan ka ɗauki minda kafin ka kalli kan Sarauniya Biktoriya sai ka karkata ta ka sa madubin ƙara girma. Daga nan sai rajistar waɗanda aka ba mindodi da ke gidan adana takardu na Kew a Landan, mai lamba WO 100, ka duba ko da gaske ya je yaƙin, don wallahi akwai masu goge suna su buga wani, baki ya yi siriri kana gani ka san an taɓa.

Minda biyu iri ɗaya sak ta yaƙin Zulu na 1879, amma idan mai ɗayar ya mutu a Isandlwana ne, inda Zulu suka murƙushe sojan Ingila, to a gwanjo ba a ma haɗa kuɗinsu.

Ni dai inda hankalina ya fi tsayawa shi ne namu. Hausawan Glover, wato sojojin da hafsan Ingila John Glover ya tara, sun yi yaƙin Asante, a Ghana ta yanzu, na 1873 zuwa 1874, sannan a farkon 1897 George Goldie, shugaban kamfanin Royal Niger, ya ja dakarun kamfanin, da yawansu Hausawa, suka ci Bida suka ci Ilori. Kamfanin ya buga tasa mindar, Turawa ta azurfa da sunan kowa, baƙar fata ta tagulla, lamba kawai a gefe, ba suna ba gari. Baturen kana iya bin sawunsa har ƙauyen da aka haife shi da fanshon da ya karɓa, shi kuwa bawan Allah da ya sha rana ya tunkari dawakin Nufawa, an mayar da shi lamba. Ban ce abin alfahari suka yi ba fa, 'yan uwansu Musulmi suka harba, amma ai ko don wannan ya kamata a san su waye.

Ku yi hattara da ta kamfanin nan, an sake buga ta daga baya, kuma wasu dillalan intanet ba sa faɗa sai ka tambaya.