Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Karyayyen Dashe da Aikin Bonsai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya a kan shekarun aikin lambu, yau kuma za mu taɓa bonsai, sana'ar renon bishiya a ƙaramin kasko wadda ta samo asali a ƙasar Sin, Japanawa suka goge ta.

Ana yawan tambaya kan itacen wilo (willow a Turance) da ake gani a hotuna. Itace ne mai tsananin son ruwa, zafin Sakkwato kuwa yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Wanda ya samu, sai ya ɗora kaskon cikin faranti mai ruwa duk bazara. Ni dai ceɗiya nake zaɓa wa mai koyo, don tana jure yanka, tana saurin toho.

A wurin masu sayar da dashe a nemi wanda akuya ta ci kansa ko iska ta karya. Ya fi araha, kuma gindinsa ya riga ya yi kauri. A kankare ɓawon da farce: in kore ne a ciki, da rai, in ya bushe, a bar musu kayansu. A yanke ƙasa da karayar da wuƙa mai kaifi, a karkace, daidai saman wani ido, wato inda toho ke fitowa. Farin ruwa zai zubo, zai tsaya da kansa. Daga nan a mayar da shi inuwar dogon yaro cikin ledarsa.

Inda mutane ke kashe itace shi ne haɗa yankan kai da yankan saiwa rana ɗaya. Wallahi abin yana min ciwo. Itacen da ya rasa ganye da saiwarsa yake farfaɗowa, saboda haka a jira sabon toho ya yi ƙwari, a kuma jira damina ta zauna, wajen Yuli. Da hunturu kada a taɓa saiwa ko kaɗan.

Ranar sauya shi daga leda zuwa kasko za a tarar saiwar ta naɗe a gindin leda. A warware ta da tsinke, a rage abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ƙasar kuwa: mudu biyu na yashi mai tsakuwa, mudu ɗaya na dakakken tsingaro, mudu ɗaya na takin da ya ruɓe sarai. Lakar fadama tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, ɗanyen taki kuma yana ƙona ta, ya gayyato gara. A huda kaskon, a rufe hujin da raga, a ɗora shi kan bulo. Ban da takin zamani sai bayan mako shida.

Lanƙwasa reshe da wayar alminiyam ake yi, mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na reshen, a naɗa ta a karkace. Ceɗiya tana kumbura da sauri a damina, don haka a duba duk mako biyu. Da zarar wayar ta fara nutsewa, a datse ta gunduwa-gunduwa da filaya, kada a warware, reshe zai karye. In reshe ya kai ganye shida, a mayar da shi biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda ake ƙanƙanta ganye.