Hoton ciki na mako 20: abin da za ki tarar a ɗakin sikanin

Ƙannena masu cikin fari, kuskurena na farko shi ne ɗaukar wannan sikanin a matsayin na sanin mace ko namiji. Wannan ƙari ne kawai. Ainihin aikinsa duba halittar jariri ne gaɓa-gaɓa, tun daga kwanya har tafin ƙafa.

Lokacinsa tsakanin mako 18 da 22 ne. Kafin nan gaɓoɓin sun yi ƙanana, in kuma ciki ya tsufa, ƙashi ya yi ƙwari yana tare hoto, jariri ya cika wurin. Ki riƙa lissafi da mako, domin lissafin wata shi ya sa na makara.

Ki sa kayan da za ki iya ɗaga rigar ki buɗe cikin. Ki tambaya tun da wuri ko ana so ki zo da fitsari a mara, don ba ko'ina ake buƙatar hakan ba. Za ki kwanta rigingine, a shafa miki wani ruwa mai yauƙi da sanyi, a riƙa zagaya kan na'urar, wani lokaci a danna da ɗan ƙarfi. Da sauti take aiki, ba irin hasken hoton ƙashi ba. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 45.

Za a auna faɗin kai da kewayensa, kewayen ciki da tsawon ƙashin cinya, a ga ko girman ya dace da makonni. A mako 20 nauyinsa kusan giram 300 ne. Sai a duba ƙwaƙwalwa, leɓe ko akwai tsaga, ƙashin baya ko ya rufe, tumbi, ƙoda biyu, mafitsara, hannuwa da ƙafafu, da cibiya mai jijiyoyi uku.

A zuciya ake daɗewa. Ba ta fi kan babban yatsa girma ba, ga ta tana bugawa sau 120 zuwa 160 a minti, amma dole a ga ɗakunanta huɗu da manyan jijiyoyin da ke fita daga cikinta. Nan za ki ga mai ɗaukar hoton ta yi tsit, ta matso da fuska, tana tsayar da hoto tana sakewa. Kada gabanki ya faɗi kamar yadda nawa ya faɗi. Shirun na aiki ne. Ki bari ta gama, sannan ki yi tambaya.

Ke ma ana duba ki: yawan ruwan da jariri ke ciki, tsawon bakin mahaifa, da inda mabiyiya ta zauna. In aka ce ta yi ƙasa, yawanci mahaifa na girma tana ɗagawa da ita, sai a sake dubawa wajen mako 32. Amma in kin ga jini kafin nan, ko babu ciwo, asibiti kai tsaye.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne rashin komawa da aka ce in dawo. Jariri kan kife ko ya rufe fuska da hannu. Kitsen ciki, tabon tiyata, ƙari a mahaifa ko ƙarancin ruwa su ma suna dusashe hoto. Za a iya cewa ki juya gefe, ki taka kaɗan, ko ki dawo wani makon. Gaɓar da ba a gani ba, ba a duba ta ba ke nan, ko da duk sauran lafiya lau.

Kuma sikanin ba ya kama komai. Wasu matsalolin zuciya kan ɓuya, ba ya nuna kurumta ko yadda ƙwaƙwalwa za ta yi aiki. Akan kuma ga ƙananan alamu, kamar farin ɗigo a zuciya, waɗanda in su kaɗai ne galibi ba sa nufin cuta. In an ga abin da ke buƙatar bincike, za a tura ki wurin ƙwararre ko a yi sikanin zuciyar jaririn na musamman.

Kafin ki tashi, ki tambaya: an ga komai? Ina mabiyiya take? Yaushe zan dawo? Ki karɓi takardar sakamakon ki kai wa likita ko ungozomar da ke miki awo.