Gudun safe a farfajiyar makarantarmu

Talata, Garwa, arewacin Kamaru.

Yau kafin ƙarfe bakwai da rabi na fitar da 'yan ajina na CM1, wato aji biyar na firamare, farfajiya, domin a watan Maris, da zarar hantsi ya ɗaga, zafin garin nan kan haura digiri 40, kuma babu malamin kirki da zai sa yaro gudu a cikinsa. Mun yi minti 15 muna kewaya itatuwan darbejiya, kowa da kayan makarantarsa, wasu ma sun tuɓe silifas sun riƙe a hannu.

Asalin tsarin daga Sikotilan yake. A shekarar 2012 shugabar firamaren St Ninian's da ke Stirling, Elaine Wyllie, ta ga ɗalibanta ba sa iya kewaya fili sai da haki, shi ne ta soma fitar da su kullum, abin da aka sani yanzu da Daily Mile. Abin da ya ja hankalina shi ne babu tsere a ciki, wanda ya gaji sai ya taka a hankali. Wasannin FENASSCO, wato gasar wasannin makarantu ta Kamaru, gwanaye kaɗai suke ɗauka, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya kowane yaro mai shekara 5 zuwa 17 take so ya motsa jiki na minti 60 a rana.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam, yaran da ke takowa daga nesa, su koma gida su ɗebo ruwa, wane gudu kuma suke nema?" Yana da gaskiya a kan wasu, amma da yawa a babur ake sauke su a bakin ƙofa, da yamma kuma sai talabijin.

Damuwata ta yau daban ce. Ana cikin gudu wata yarinya ta tsaya ta dafe ciki, leɓɓanta sun bushe. Na ce, "Kin karya kuwa?" Ta girgiza kai. Na zaunar da ita a inuwa, na aika aka sayo mata koko da ƙosai a bakin titi, kuma da na tambayi sauran, na tarar ba ita kaɗai ce ta fito da yunwa ba. Ba zan dakatar da gudun ba, amma gobe zan roƙi ƙungiyar iyaye ta ajiye mana randar ruwa a gindin darbejiya, ta kuma yi wa iyaye mata magana a kan karin kumallo.