Makirufo ba kunne ba ne

Sana'ata ba da hayar kayan sauti, abin da muke kira sono a nan Yamai. Shagona yana Bukoki, ni da yara uku. Biki, suna, wa'azi, duk inda aka kira mu sai mu ɗora lasifikoki da janareta mu tafi.

Wani Alhaji ya zo mini da ƙorafi bayan ɗaurin auren ɗiyarsa. Ya ce, "Malam, a wurin na ji addu'ar liman tas, amma saurari abin da wayata ta ɗauka." Muka kunna. Rugugin janareta, kirarin maroƙa, Hausa da Zabarmanci sun cakuɗe, muryar liman kuwa kamar daga cikin rijiya. Na ce, "Alhaji, ranar ƙwaƙwalwarka ce ta tace maka."

Sauti ba ya zuwa daki-daki. Duk abin da ke ƙara a wurin a dunƙule yake bugun dodon kunne, ƙwaƙwalwa ce ke warware shi. Muryar da ke damanka tana riga isa kunnen dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, wannan 'yar tazarar ta ishe ta sanin inda mai magana yake. Sautukan da suka tashi tare, suke hawa da sauka tare, sai ta ɗauke su na baki guda ne. Haka take raba kalangu da muryar mawaƙi. Albert Bregman na Jami'ar McGill a Kanada ya yi littafi guda a kan wannan a 1990. Kafinsa, a 1953, wani mai bincike, Colin Cherry, ya sa wa mutane magana biyu, kowane kunne da tasa, ya ce su bi ɗaya. Aka sauya harshe a ɗaya kunnen ba su lura ba, amma da muryar namiji ta koma ta mace suka gane.

Makirufo guda ba shi da dama da hagu, abin da ya fi kusa da shi yake kwasa. Shi ya sa nake matsa shi dab da bakin liman, in kai janareta bayan katanga da doguwar waya. Yarana sun fi son a murɗe sauti har ƙarshe, kullum muna kai ruwa rana a kan haka. Idan ƙara ta yi yawa tana dukan bango tana dawowa, ta rufe alamun da kunne ke bi, kuma dattawa ne ke fara rasa maganar, alhali su ne a sahun gaba. Kafin a fara, nakan je in durƙusa kusa da mafi tsufa a kan tabarma in ce, "Baba, kana ji?" Sai ya gyaɗa kai nake barin maɓallin.