Na je na ga kogin ƙanƙaran Rhône da idona

Tun ina rubuta furojet ɗina na mastas akan ruwan koguna nake cin karo da sunan Matthias Huss, ka buɗe wannan takarda ka ganshi, ka buɗe waccan an ambace shi, har na fara tunanin anya mutum ɗaya ne kuwa? Malami ne a jami'ar ETH ta Zurich, shi ke jagorantar GLAMOS, masu auna kogunan ƙanƙara na Suwizalan. To da Allah yasa na samu zuwa ƙasar a watan Agusta sai nace wallahi bazan koma ba sai na ga abin da yake aunawa.

Mun tashi daga Zurich da sassafe ni da wani abokina ɗan Maradi, jirgin ƙasa ya kaimu Andermatt, daga nan muka hau bas ɗin gidan waya mai ruwan ɗorawa. Hanyar Furka fa ba wasa, kwana bisa kwana har muka hau tsayin sama da mita 2,400, abokina yana ta salati, ni kuma kunnena ya toshe. Muka sauka a Belvédère wajen tsohon otal ɗin nan da aka rufe, muka yanki tikiti muka gangara zuwa kogin ƙanƙaran Rhône.

Bari in yi bayani don naga muna haɗa abin da dusar ƙanƙara. Dusar ce ke zuba shekara da shekaru tana danne juna har ta zama ƙanƙara mai tauri kamar dutse, kuma nauyinta yasa take gangarowa a hankali, shi yasa nake ce mata kogin ƙanƙara. Daga wannan ne kogin Rhône ke farawa, ya shiga tafkin Geneva, ya ratsa Faransa, ya faɗa tekun Bahar Rum.

Abin da na fara gani ya sa jikina yayi sanyi. Na ɗauka fari fat zan tarar, sai ga ƙanƙara tayi toka-toka da ƙura, ga wani tafki a bakinta gutsattsari na yawo a kai, ga wasu manyan ƙyallaye farare an lulluɓe wani sashe kamar likkafani, duk sun yage sun yi datti. A ƙarƙashinsu ne aka haƙa kogon da baƙi ke shiga. Ciki shuɗi ne shar, kyau iya kyau, amma ruwa na ɗiga a kanka ko ina, tip tip tip. Abokina ya nuna min can ƙasa wajen ƙauyen Gletsch yace malam kasan har can ƙanƙaran nan take kaiwa a shekarun 1850? Yanzu duwatsu ne tsirara tsakaninsu.

Ƙyallayen ma Huss da abokan aikinsa sun yi nazarinsu a 2021. Sun gano suna rage narkewa da kusan rabi ko fiye a daidai inda aka shimfiɗa, amma kuɗin rufe duka kogunan ƙanƙaran ƙasar, su kusan guda 1,400, ba mai iya biya. Abin da ke burge ni da mutumin kenan, baya yiwa mutane daɗin baki.

Kuma yadda suke aikin ba wani tsafi. Su huda ƙanƙara su kafa dogon sanda, ƙarshen sanyi su zo su auna yawan dusar da ta taru, watan Satumba su dawo su ga nawa sandan ya fito waje, haka duk shekara akan koguna kusan 20, da ƙafa ake hawa da kaya a baya. Daga nan aka samu lissafin da ya tada hankalin duniya, a 2022 ƙanƙaran Suwizalan ta ragu da kashi 6 cikin ɗari, a 2023 kashi 4, wato kashi 10 cikin shekara biyu kacal. Auna wannan na Rhône kuwa tun 1874 aka fara.

Takardarsa da ta fi min amfani ita ce wadda suka rubuta da Regine Hock a 2018. Sun nuna idan ƙanƙara na narkewa ruwan kogi ƙaruwa yake da farko, mutane su ɗauka alheri ne, har ya kai ƙololuwa sannan ya fara ja baya don ma'ajiyar ta ƙare. Na karanta wannan ya fi sau biyar a ɗaki, amma sai da na tsaya ina jin ƙarar ruwan yana kwarara daga tafkin nan da ƙarfi sannan ya zauna min a kai, ruwan da nake ji ɗin ajiyar ɗaruruwan shekaru ce ke tafiya.

Mun yi sallar azahar a gefen dutse, iska na kaɗawa hannu na rawa. Kafin bas ta iso na sake gangarawa ni kaɗai na ɗora tafin hannuna akan ƙanƙaran, har sai da abokina ya ƙwala min kira wai ga mota nan ta shawo kwana.