Aikin dawo wa majinyaci da magana a Damagaram

Ƙaramin wurinmu na gyaran magana ne. Masu zuwa mana galibi dattijai ne da hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki, sai samarin kabu-kabu da suka bugu a ka babu hular kwano. A yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda hannun damansa ya shanye ya fi rasa kalmomi.

Zaman farko na bincike ne. Mukan aje buta, cokali da carbi, mu ce wa majinyaci ya nuna buta, sannan ya faɗi sunanta. Wani ya san ta sarai, kalmar ce ta ƙi fitowa. Wani kuwa magana na zuba amma ba ma'ana, kuma bai gane abin da ake faɗa masa. Na uku kalmominsa na nan, leɓe da harshe ne suka yi nauyi. Kowanne da atisayensa. Gwajin da harshen gida muke yi, Hausa ko Barbarci, don takardun gwajin Faransanci ba sa nuna gaskiyar halin dattijon da bai yi lakwal ba.

Abin da baki ya saba shi ke fara dawowa: Fatiha, ƙidaya daga 1 zuwa 10, ranakun mako, gaisuwa. Daga nan muke ginawa. In kalma ta maƙale, sai a ba shi farkonta, "bu…", a jira, ya ƙarasa da kansa. Minti 20 zuwa 30 sun isa, in ya gaji sai ya rikice. An fi ganin ci gaba cikin wata 3 zuwa 6 na farko, don haka jinkiri asara ne, ko da yake bayan nan ma ana samun sauƙi.

Haɗiya ma muna dubawa, kuma ita ta fi tayar mana da hankali. Wanda ke ƙwarewa da ruwa, ko muryarsa ta jiƙe bayan ya sha, abin na iya gangarawa huhu ya zama ciwo. A zaunar da shi bayansa a miƙe, a ba shi kunu mai kauri kaɗan-kaɗan, kada ya kwanta sai bayan minti 30.

Yawancin aikin a gida ake yin sa. Iyali, don tausayi, sukan riga shi amsawa, ko su ɗaga murya alhali kunnensa lafiya lau. Mutum ɗaya ya yi magana, a kashe rediyo, a tambaye shi abin da "i" ko "a'a" za ta amsa, kuma a ci gaba da kiransa Baba ko Malam kamar yadda aka saba.