Godiya bayan an sallami Auta

Alhamdulillahi, mun dawo gida Kiyawa da Auta. Ƙurajen sun bushe, bakinta ya warke, jiya har tuwo ta ci. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi haƙuri, gajiya ce.

Likitocin fata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Allah ya saka muku da Aljanna. Su suka yanki 'yar fatarta aka gwada, suka zaunar da ni suka yi min bayani da Hausa: garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar abin da ke riƙe saman fata da ƙasanta, sai ruwa ya taru ya yi bororo. Kuma iri biyu na wannan cutar ne suka haɗe mata, liniya IgA da femfigoid. Ba a ɗauka, ba kuma sammu ba ne. Kafin su ɗora ta kan maganin dafson sai da suka yi mata gwajin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, don maganin yana fasa jinin mai ƙarancin sinadarin. E, shi ake ba kutare, amma Auta ba kuturta gare ta ba, masu yaɗa zancen su ji tsoron Allah.

Akwai daren da zane ya manne mata a baya, tana ihu, hannun uwarta na rawa. Wata tsohuwa 'yar Gaya da ke jinyar jikanta a gadon kusa ta taso ta ɗora ta a cinya, ba safar hannu ba ƙyama, tana "yi shiru jikalle" har nas ta gama jiƙa zanen ta ɓanɓare shi a hankali. Ko sunanki ban tambaya ba, Hajiya. Allah ya ba jikanki lafiya, ya haskaka kabarin iyayenki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Kawu na Kurna, na san ba ka so a faɗa, amma ɗakinka da kwanon abincinka sun rufa mana asiri. Haka liman, da direban da ya ƙi karɓar kuɗin mota. 'Yan uwan da ko waya ba su yi ba, mun ɗauka uzuri ne.

Masu zuwa dubiya, kumburin fuskarta na maganin firednisolon ne, a hankali ake rage shi. Don Allah kar a kawo mana sassaƙe ko man shafawa, likita ya hana.